ZANEN ARO DA YA RUFE KATARA

 Yau dai na ajiye labarin soyayya da kuka saba ji daga gare ni, zan ɗan yi tsokaci ne a kan wani tsohon kaset na kiɗa wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ya hana ni sukuni na wajen mako guda. Na san wata za ta ce to ina ruwan matar aure da sharhin kiɗa, ga wanki ga girki ga hidimar yara? Yi haƙuri 'yar'uwa ki biyo ni a hankali, in kin kai ƙarshe za ki ga maganar ta shigo har tsakar gidanku. Na kuma san akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam saboda abin da suka ji daga malamansu. Wannan fage ne na malamai, ni ban isa in tsoma baki ba, kowa ya riƙe abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Ga yadda abin ya faro. Bayan Babbar Sallah ta 2023 na taso daga Shagari inda nake aure na zo Boɗinga ganin gida. Ƙanena da yake karatu a Sakkwato ya karɓi wayata ya tura mini waɗansu kiɗe-kiɗe, ya ce, "Yaya, tunda kina son rubutu cikin dare ga abin da zai taya ki hira, babu waƙa a ciki balle ta ɗauke miki hankali." Da la'asar sakaliya ina zaune a tsakar gida ina tsinkar zogale sai na kunna, Inna tana gefe tana bakacen gero. Kiɗi ne na fiyano, a hankali yake tafiya kamar raƙumi da kaya, babu murya babu amshi. Ban yi aune ba sai na ji ƙarar bakace ta tsaya. Na ɗaga kai na ga Inna ta riƙe faifai a hannu ta yi tsai, kamar wadda aka kira sunanta na yanka daga bayan danga.

Ta ce, "Ke, ina kis samo wanga kiɗi?"

Na ce, "Inna, kin san shi ne?"

Ta ce, "Awo, na san shi. Wanga ai kiɗin rediyon Nijar na, sa'ad da muna zaune Ƙonni da babanku. Shi aka sawa in an ƙare wani shiri ana jiran wani. Ni na aza injin gidan rediyo na ka yin abinai, ashe mutum na?"

Ashe kuwa mutum ne. Sunansa Mamman Sani Abdullahi, mutumin Jamhuriyar Nijar. Ma'aikaci ne da ya yi aiki da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aikin da ya sa yake yawan tafiye-tafiye. A wajen irin wannan taro ne ya ga wani wakili daga ƙasar Ruwanda da fiyano mai aiki da lantarki, irin wanda Turawa ke kira ogan, ƙirar kamfanin Orla na Italiya, ya lallashe shi har ya sayar masa, ya kawo shi Yamai. A 1978, wato shekara guda kafin Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasarmu, lokacin kuma Seyni Kountché ke mulkin Nijar, Mamman Sani ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa da fiyanonsa. Shi kaɗai ne, babu 'yan amshi babu makaɗa. Ya buga sau ɗaya aka ɗauka, ya sake bugawa aka ɗora na biyu a kan na farko, shi ya sa in kina saurare sai ki rantse mutum biyu ne. Aka fitar da kaset ɗin da sunan Faransanci, La Musique Électronique du Niger, ma'ana kiɗan lantarki na Nijar. 'Yan kaɗan aka buga, bai shiga kasuwa sosai ba, amma gidan rediyo da na talabijin suka riƙe kiɗan suna cike gurbi da shi shekara da shekaru. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds, na wani Bature Christopher Kirkley, ya sake fitar da shi a faifai, daga nan ya bazu a intanet har ya iso wayar ƙanena.

Abin da ya sa kaset ɗin ya zama abin magana shi ne, ba duka kiɗan ne Mamman Sani ya ƙaga ba. Waɗansu nasa ne, waɗansu kuwa waƙoƙi ne da mutanen ƙasarsa suka riga suka sani a bakin makiyaya da wajen buki, irin na Fulanin Bororo da na Buzaye. Ya ɗebo su ya tuɓe musu kalmomi, ya bar karin waƙar tsirara, sannan ya zuba shi cikin injin Turawa. A taƙaice dai aro ya yi. Mu kuwa Hausawa mun ce zanen aro ba ya rufe katara, mun kuma ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To tambayar da na yi ta yi wa kaina ita ce, shin wannan aron ya rufe katara ko kuwa ya bar ta a waje?

Bari in fara da abin da ya burge ni. Kiɗa shida ne a kaset ɗin, na farkon sunansa Lamru, kalmar da Fulani suke kiran bikin suna da ita. Na biyun kuwa Salamatu, shi ne wanda ya tsayar da bakacen Inna. Abu na farko da za ki lura da shi shi ne mutumin ba ya gaggawa. Yakan ɗauko ɗan gajeren kari, wanda bai fi ki rera shi da numfashi ɗaya ba, ya faɗe shi a fili yadda ko yaro zai riƙe, ya maimaita, ya sake maimaitawa, sannan ya ɗan lanƙwasa shi kaɗan, ya hau sama ya sauko, ya dawo inda ya faro. A ƙarƙashi kuma akwai wani amo mai kauri da yake riƙewa ba ya saki, kamar yadda mai goge ke jan baka. Fiyanon Turawa yana da bakuna da yawa, fari da baƙi, mai son nuna gwaninta zai iya yayyafa su duka har ki rasa gane gaba da baya. Shi bai yi haka ba. Ya tsaya a kan 'yan muryoyi kaɗan ɗin nan da waƙoƙin ƙasashenmu suka saba tafiya a kansu, shi ya sa kunnen tsohuwar da ba ta taɓa ganin fiyano ba ya karɓe shi kamar ɗan gida.

Na biyu, ya san darajar shiru. Uwargida, ke kin san miyar da aka cika wa kayan ƙamshi, ga kanumfari ga citta ga masoro ga kimba ga sinadarin ɗanɗano, a ƙarshe ba ki jin daddawa ba ki jin nama. Mamman Sani ya yi girki ne irin na tsofaffi, gishiri daidai, ruwa daidai. Tsakanin wannan bugu da wancan yakan bar fili, kuma wannan filin ne mai saurare yake shiga da nasa tunanin. Shi ya sa ma kiɗan ya dace da gidan rediyo, ba ya tsare miki hanya, ba ya cewa dole sai kin ajiye aikinki kin kalle shi.

Hujjata a kan haka ita ce Inna. Da kiɗan Salamatu ya zagayo karo na biyu sai na ji ta fara gunguni, can sai ga kalmomi sun fito. Na ce, "Inna, ashe da waƙarsa?" Ta yi dariya ta ce a'a, waƙar niƙa ce ta gidansu wadda kakarta take yi, ita ce ta ɗora ta a kan kiɗan da kanta. Lokacin tana amarya ɗanya shakaf a Birnin Ƙonni, babu uwa babu 'yar'uwa, maigida ya tafi fatauci sai ya yi kwanaki, 'yar rediyo ce kawai abokiyar hirarta. In an sa kiɗan tana kan dutsen niƙa sai ta ja waƙar gida ta daidaita ta da shi, ta yi kukanta ta share hawaye ta ci gaba da aiki. Allah Sarki! Mutumin da ke Yamai bai san ta ba, ita ma ba ta san shi ba, amma ya gina ɗaki ya bar ƙofa a buɗe, baƙuwa ta shiga ta shimfiɗa tabarmarta. Da a ce ya cika kiɗan da kalmomi da hayaniya, ina za ta sami wurin zama?

To amma ba zan yi ta yabo ba kamar maroƙiya, akwai inda kaset ɗin ya gaza, kuma wuri biyu ne. Na farko shi ne ganga. Irin wannan fiyano yana da 'yar gangar inji a cikinsa, in ka danna sai ta yi ta bugawa a kan awo ɗaya har Mahadi ya bayyana. Ba ta gajiya, ba ta kuskure, amma kuma ba ta ji ba ta gani. Duk wadda ta taɓa shiga lugude ta san abin da nake nufi. Ku uku a kan turmi ɗaya, in ta kusa da ke ta gaji sai ku sassauta mata, in wata ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu sai ku ba ta fili ta cafe, bugun yana numfashi tare da ku. Haka mai kalangu yake kallon ƙafar mai rawa, ya matse tsarkiya ya saki har gangar ta kira sunan mutum. Haka masu kotso da taushi suke bin bakin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Salihu Jankiɗi, in uban waƙa ya ja su ja, in ya tsaya su tare shi. Gangar Mamman Sani ba ta san wannan ba. A kiɗan da ke tafiya a hankali ba ta dame ni ba, amma a inda ya ɗan ɗaga sauri sai in ji kamar agogon bango ne aka ce ya taya buki.

Na biyu ya fi mini ciwo, wato masu waƙoƙin. Ki duba sunayen kiɗan nan shida, kalma ɗaya ce ko biyu, shi ke nan. Wane makiyayi ne ya fara rera wannan a bakin rijiya? Wace tsohuwa ce ta yi wancan tana jijjiga jika? Sun ɓace a bayan kalmar gargajiya, kalmar da muke rufe sunan talaka da ita. Ba na ɗora wa Mamman Sani laifin shi kaɗai, don sau da yawa irin waɗannan waƙoƙi sun daɗe suna yawo baki zuwa baki har an manta mafarinsu. Shi kansa ma abin da ya same shi ke nan, shekaru ana jin kiɗansa a gidaje irin su Inna suna zaton inji ne. Wanda ya ari abin da ba a rubuta sunan mai shi ba, shi ma an ci moriyar nasa ba a ambace shi ba, sai da wani ya taso daga bayan teku ya tono shi. Mu da muke maƙwabta, da mota za ta kai mu Illela mu tsallaka Ƙonni kafin azahar, sai da Amurka ta yaba sannan muka ji. Wannan abin kunya ne gare mu.

Don ki gane abin da nake nufi da ambaton mai abu, bari in kai ki Amurka kaɗan. Baƙaƙen fatar can suna da wani kiɗa da ake kira jaz, wanda al'adarsa ke nan tun asali, makaɗi ya ɗauko waƙar da kowa ya sani a zamaninsa, ya buga ta yadda take sau ɗaya don a gane ta, sannan ya shiga yi mata ado daga kansa nan take, ya yi nisa kamar ba zai dawo ba, daga ƙarshe ya maido ta gida. Akwai wani gwanin fiyano a cikinsu mai suna Randy Weston, an haife shi a 1926 ya rasu a 2018. Ya zo Legas a 1961 cikin wata tawagar mawaƙa da marubuta, ya haɗu da Bobby Benson, mai waƙar Taxi Driver, wanda yake da gidan rawa mai suna Caban Bamboo. Da ya koma gida, a 1963 ya fitar da faifai mai suna Highlife. A ciki ya buga Niger Mambo ta Bobby Benson, ya buga Mystery of Love ta Guy Warren makaɗin Gana, kuma kowacce da sunan mai ita a jikin faifan. Har ya sa wa wani kiɗan nasa sunan gidan rawar Benson don girmamawa. Wani abin da zai faranta miki rai 'yar'uwa, wadda ta tsara yadda kowane mai busa zai shigo ya fita a faifan mace ce, sunanta Melba Liston.

Na saurari Niger Mambo ɗin Weston bayan na saurari Mamman Sani, na ga hannun riga ne. Weston ya zo da taron jama'a, ga masu busa ga masu ganguna na gaskiya da hannun mutum, yana dukan fiyano da nauyi kamar shi ma ganga ce. Gangarsa tana da rai, a nan ya fi namu. Amma kiɗansa cike yake maƙil, ba na jin Inna za ta sami inda za ta saƙala waƙar niƙarta. Shi ya yi wa waƙar aro kwalliya ta fita kunya a gaban baƙi, namu kuwa ya wanke ta ya shanya ta ne kawai a inuwa. Kowanne da irin nasa alheri. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne, dukansu sun maido abin da suka ara ba a yage ba, mai shi zai gane kayansa, sannan zai ga an ƙara masa wani abu.

Kada kuma ki ɗauka wannan dabara daga Turai ta zo mana. A nan ƙasar tamu malamai sun daɗe da sanin ta, suna kiran ta tahamisi. Ba ina haɗa waƙar addini da kiɗan fiyano ba ne, Allah ya tsare ni, ladabin aron kawai nake so mu duba. Malami yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara masa uku nasa su zama biyar, ba ya taɓa na mai shi ko da harafi ɗaya. Ishiriniyar da muke ji da Mauludi haka take, asalinta na Alfazazi ne, Ibnu Muhibbu ya yi mata tahamisi, kuma har gobe ana ambatonsu su biyu. Tabban Haƙiƙa Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, hannu uku a waƙa ɗaya kuma ba wanda ya shafe sunan wani. Shehun nan kuwa a Sifawa ya zauna, nan kusa da mu a ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ashe mu ne ya kamata mu fi kowa sanin cewa aro da sata ba ɗaya ba ne.

To ina muka baro wannan ladabi? Tun wajen shekarar 2000, lokacin da fim ɗin Sangaya ya yi tashe, fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinanmu da na bukukuwanmu. Ban ce duka ba su da kyau ba, akwai masu basira a cikin yaran nan, ni ma na yi rawa da waƙoƙinsu ranar kamuna. Amma sau nawa kika ji waƙa a gidan buki, bayan kwana biyu kina kallon fim ɗin Indiya sai ga ta nan tiryan-tiryan, karin ɗaya, hawa da sauka ɗaya, kalmomi kawai aka musanya, kuma babu inda aka ce daga wurin wane aka ɗauko? Ko kuma a ɗauko waƙar Shata ko ta Barmani Coge, a ɗora ta a kan gangar inji a ƙara mata gudu, a matse muryar mai rerawa da kwamfuta har ta koma kamar ta sauro, ba a ƙara komai ba sai ƙara. Wannan shi ne zanen aron da Hausawa suke nufi, wanda mai ɗaura shi kullum hannunta na riƙe da gefe don kada asiri ya tonu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗi nawa. Littafina na biyu, wanda da yawanku kuka saya kuka yi mini addu'a, ƙashin bayan labarinsa daga wani fim ɗin Indiya na ɗauko shi. Na sauya sunaye, na maido su garinmu, na sa musu atamfa da lalle, amma ban faɗa ba ko a shafin godiya. Wata rana a wajen wani taron marubuta wani mutum ya miƙe ya faɗi haka a gaban jama'a, ya faɗe shi da gatsali har da dariya. Na dawo gida na yi kuka na ce hassada ce. Yadda ya faɗa bai kyauta ba, har yau ina nan a kan haka, amma abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai da na zauna da kaset ɗin nan na gane inda na kuskure. Ɗaukowar ba ita ce aibin ba. Aibin shi ne na ɓoye mai shi, sannan a babi uku na ƙarshe ban zuba komai nawa ba, na bi sawunsu ne kawai har da yadda yarinyar ta faɗi a asibiti. Inda littafin ya yi rai shi ne inda na saki fim ɗin na rubuta zaman kishiyoyi yadda na gan shi da idona a gidanmu. In Allah ya nufa aka sake bugawa zan rubuta sunan fim ɗin a shafin farko, zan kuma sake waɗancan babobi, ko da kuɗin ɗab'i zai ƙaru.

Yanzu bari in koma tsakar gidan Inna, don a can maganar ta fi nauyi. Da ta fara rera waƙar niƙar sai na yi maza na ɗauko biro da takarda. Ta yi ɗiya huɗu lafiya lau, a na biyar sai ta tsaya. Ta koma farko ta sake tahowa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta dafe goshi ta ce, "Ta ɓace min. Gwaggonku ta Sifawa ita ta san ƙarshenta." Gwaggo kuwa shekararta biyu ke nan a ƙasa, Allah ya jiƙanta. Kiɗan yana ta tafiya a waya bai fasa ba, cif yadda aka ɗauke shi a 1978, amma waƙar da kakata ta gada ta yanke a tsakiya, kuma babu wanda zai ƙulla ta har abada. Inna ta ɗauki faifanta ta ci gaba da bakace ba ta sake cewa uffan ba.

A nan na ga iyakar fiyano da iyakar kaset. Inji yana iya adana tukunya, amma miyar tana bakin mutane. Waƙar Bahaushe rabinta kari ne rabinta magana, a cikin maganar nan ne mace take yi wa kishiya habaici, ta yi wa uwar miji shaguɓe, ta kira sunayen 'yan'uwanta da ke nesa, ta faɗi abin da kunya ta hana ta faɗa da baki. Tun da injin niƙa ya shigo unguwa dutse ya koma abin zama a bakin ƙofa, waƙarsa kuma ta bi shi. 'Yan matan yanzu da wuya ki ji sun fita gaɗa a farin wata. Shantu fa, yaushe rabon ki gan shi a ɗakin amarya? Ba cewa nake mu koma niƙa da hannu ba, wadda ta san ciwon baya ba za ta yi mana wannan fata ba. Cewa nake in kiɗa ya sauya rawa ta sauya, amma kada mu zubar da kalmomin.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Ke da har yanzu mahaifiyarki ko kakarki ko gwaggonki take da rai, wayar nan da ke hannunki tana ɗaukar murya. In kin je ganin gida ki rage hira a kan ankon buki, ki zauna kusa da ita ki ce ta yi miki waƙar reno, ta daka, ta niƙa, ta daɓe, ta rakiyar amarya. Za ta ce kunya take ji, ki lallashe ta, ki fara mata da ɗan abin da kika sani za ki ga ta karɓe. Ki ɗauka, sannan ki rubuta a littafi, don waya tana faɗawa ruwa. A saman kowace waƙa ki rubuta sunan wadda ta rera miki, da wadda ta koya mata, da garinsu. In wata rana ɗanki ko 'yarki ta zama mai fiyano ko marubuciya ta zo aro, to ta tarar da kayan da sunan masu su, ta ara da izini ta mayar da godiya.

Hukuncina a kan kaset ɗin Mamman Sani shi ne, zanen aro ne amma ya rufe katara, don wanda ya ɗaura shi ya san girman mai shi, bai yanke shi ya yi ɗan kanti da shi ba. Gangarsa busasshiya ce, sunayen masu waƙoƙin kuma sun salwanta, waɗannan biyu ba zan yafe su ba. Duk da haka ina ba ki shawara ki neme shi, ki fara da Salamatu, ki saurara da dare bayan yara sun yi barci. In kina da tsohuwa a gida ki kunna a kusa da ita, ki yi shiru ki ga abin da zai fito daga bakinta, amma wannan karon biro yana hannunki tun kafin ta fara.

Ni dai ɗiya huɗun nan da na samu na rubuta su a bangon littafin da nake lissafin adashi, ina koya wa babbar 'yata su in muna wanke-wanke. Ta tambaye ni ina sauran, na ce mata suna Sifawa.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini, ɗan Adam ajizi ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, 'yan mata kuma ya ba su mazaje nagari, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, daga Shagari.